Sauran Kunun Jinjiri: Wa Zai Sha?

Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu mata, masu goyo da masu shayarwa, da kakannin da ke taya su raino. Ku ma magidanta, kada ku tashi daga gaban rediyo. Maganar yau da ku a ciki.

Sharhinmu na yau a kan abincin jinjiri ne. Ko in ce, a kan sauran abincin da ya bari a kofi.

Yaro ya cika wata 6. Ma'aikatan lafiya sun ce lokaci ya yi da za a fara ba shi abinci. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. Nono zalla har wata 6, daga nan a haɗa da abinci, nono kuma ya ci gaba har shekara 2 ko fiye. To amma cikin jinjiri ɗan ƙarami ne. A farko, cokali 2 ko 3 sun ishe shi. Uwa ta dama kunu kofi guda, ya kurɓi kaɗan, ya kau da kai. Kunu ya yi saura. Ga gero ya yi tsada, ga madara ta yi tsada, ga gawayi ba a magana. Sai uwa ta sa murfi ta rufe, ta ce in an jima sai a ƙara masa.

Wannan "in an jima" ita ce abin da za mu tattauna. Kuma ga saƙon tun daga farko, don wanda aiki zai ɗauke shi kafin mu gama. A dama kaɗan. A ba shi da ɗuminsa. Abin da ya rage, na manya ne.

To, bari mu fara da dalili.

Dafaffen abinci ba ya zama yadda aka sauke shi. Da ya fara hucewa, ƙwayoyin cuta ke samun wurin zama. Daga hannu suke zuwa, daga cokali, daga ƙuda, daga ƙurar da ke tashi a tsakar gida. Abin da suke so shi ne danshi da ɗumi da abin ci. Kunu ya haɗa ukun duka. Idan sun sami yadda suke so, kowane minti 20 sukan ninka yawansu. Mu ɗan yi lissafi. Ƙwaya ɗaya tak ta faɗa kunu da ƙarfe 7 na safe. Kafin ƙarfe 2 na rana, tana iya haura miliyan 2. Kuma kunun na nan yadda yake a ido. Bai yi wari ba. Bai sauya launi ba. Uwa ta ɗanɗana, ta ji lafiya lau.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a waje. Hukumomin kula da abinci na Amurka sun ƙara da cewa, idan zafin gari ya wuce digiri 32, to awa 1 ce kawai. Masu sauraro, ku dubi bazarar Sakkwato. Ku dubi ta Maiduguri, da Kano, da Maraɗi, da Damagaram. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Ke nan a wajenmu, yawancin shekara, dokar awa 1 ce ta hau kanmu.

Wani zai ce, ai mu ma muna cin abincin da ya kwana, ba abin da ya same mu. Gaskiya ne. Amma kai babba ne. Cikinka ya saba, garkuwar jikinka ta yi ƙwari. Jinjiri kuwa jiya-jiya ya fito daga nono zalla, abincin da babu kamarsa a tsabta. Abin da zai ɗan murɗa wa babba ciki ya wuce, shi zai iya kwantar da jinjiri da amai da gudawa. Gudawa kuma tana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 a duniya. Wadda ba ta kashe ba, takan bar yaro da rama, ta buɗe wa tamowa ƙofa.

Masana sun daɗe da lura da wani abu. Gudawa ta fi kama yara tsakanin wata 6 zuwa shekara 1, daidai lokacin da ake fara ba su abinci. A shekarar 1978, wasu masu bincike daga Ingila da ke aiki a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya suka auna kunun da ake ba jarirai. Suka tarar cewa iya daɗewar kunun a ajiye, iya yawan ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, kuma abin ya fi muni da damina.

A nan gida, me muke cewa idan yaron wannan shekarun ya fara gudawa? Sai mu ce haƙori ne. Kaka ta ce haƙori ne, maƙwabciya ta ce haƙori ne, a zauna ana jiran haƙori ya fito. Iyayena mata, ku saurare ni da kyau. Haƙori kan sa yaro dalalar yawu, ya sa shi rigima, ya sa dasashinsa ƙaiƙayi. Amma likitocin yara ba su yarda haƙori ne ke kawo gudawa ba. Lokaci ne ya zo ɗaya. Lokacin fitar haƙori shi ne lokacin fara cin abinci, shi ne kuma lokacin rarrafe da kai komai baki. Kafin mu ɗora wa haƙori laifi, mu leƙa kofin kunu.

Wannan ke nan game da dalili. Yanzu mu juya ga cokali.

Duk cokalin da ya shiga bakin yaro ya koma kofi, ya tafi da yawu. Kowace uwa ta san abin da ke biyo baya. Kunu mai kauri, an ba yaro, an ajiye, in an jima sai a ga ya tsinke ya zama ruwa. Aikin yawu ne. Akwai wani sinadari a cikinsa da ke narkar da abinci mai sitaci. Kuma ba shi kaɗai ya shiga ba, ya shiga da ƙwayoyin cutar baki. Saboda haka abincin da cokalin yaro ya taɓa ba a ajiye shi. Ko a firij, ba a ajiye shi.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Kada a ba yaro daga cikin tukunya, ko daga babban kofi. A sami ɗan kwano nasa shi kaɗai. A ɗebo kaɗan da ludayi mai tsabta a zuba masa. Idan ya cinye yana nema, a ƙaro. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Cikin 'yan kwanaki uwa za ta gane iya abin da ɗanta ke ci. Madara ma, a cikin ɗan kwanon za a zuba ta, ba a cikin tukunya ba, domin kunun da aka sa wa madara ya fi saurin lalacewa. Haka abin yake ga ayaba da gwanda da kankana. A yanko iya wanda zai ci, a murƙushe a lokacin. Ayabar da aka murƙushe ba ta jiran la'asar.

Kuma a rabu da ba yaro kunu a fida. Bakinta da lungunanta suna da wuyar wankewa, nan ƙwayoyin cuta ke ɓuya. Ga shi sai an tsinka kunu sosai kafin ya bi ta cikinta, yaro ya cika ciki da ruwa. Kofi da cokali sun fi. A wanke su da sabulu, a kife su su bushe, a rufe. Mai ba da abincin ta wanke hannunta da sabulu, ta wanke na yaron.

To, yanzu mu shiga gidan da babu firij. Kuma irin waɗannan gidaje su ne suka fi yawa.

Uwargida, ga dabara ta farko. Ki yi ajiyarki a bushe, kada ki yi ta a dafe. Ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa a busasshen gari. Ki soya gero ko dawa, ki soya waken suya da gyaɗa, a niƙa, ki tankaɗe. Shi ne garin da ake kira Tom Brown a asibitocinmu. Ki zuba a gwangwani ko roba mai murfi, busasshiya ƙarau, ki ajiye inda danshi ba ya kaiwa. Kada ki sa jiƙaƙƙen cokali a ciki. Kafin niƙa kuma, ki tsince gyaɗar da kyau. Duk wadda ta yi funfuna, ko ta yamushe, ko ta yi ɗaci, ki fitar da ita. Funfunar gyaɗa da masara na ɗauke da guba mai taɓa hanta, kuma wuta ba ta kashe ta. Idan lokacin cin yaro ya yi, cokali 2 na gari a 'yar ƙaramar tukunya, ki dafa ya dahu, 'yan mintuna ne.

Za ki ce, wa zai hura wuta sau uku a rana don cokali biyu? Tambaya ce mai kyau. Ba sai kin hura wuta ta musamman ba. Yaro ɗan wata 6 zuwa 8, sau 2 ko 3 yake buƙatar abinci a rana, ban da nono. Ki haɗa nasa da girkin gida. Da safe in an ɗora ruwan koko, nasa na gefe. Da rana in ana dafa wake ko dankali, ki ɗebo nasa kafin a zuba yaji da ɗanɗano, ki murƙushe. Da dare in an kaɗa miya, haka. Wuta ɗaya, aiki biyu.

Dabara ta biyu, fulas. Mata da yawa na cika fulas da kunu tun safe, a yi ta ɗiba har dare. Fulas na da amfani, amma da sharaɗi. Abinci na cikin aminci ne muddin yana da zafi sosai, sama da digiri 60, zafin da ba ki iya sa yatsa a ciki. Don haka ki fara ɗauraye fulas ɗin da tafasasshen ruwa. Ki zuba kunun daga kan wuta kai tsaye, ki rufe. In za ki ba yaro, ki tsiyayo a kofinsa, ki mayar da murfi. Duk lokacin da kika buɗe kika ga babu tururi, kunun ya koma ɗumi-ɗumi, to fulas ya gama aikinsa. Wannan ɗumin shi ƙwayoyin cuta suka fi so. Kunun safe a fulas, kada ya kai wa jinjiri yamma. Kuma a riƙa wanke fulas kullum, har da robar murfinsa.

Dabara ta uku, tun kakanni muke da ita. Ita ce tsami. A shekarar 1990 an wallafa wani bincike da aka yi a Gana, inda aka gwada kokon da aka dama da ƙullun masara mai tsami da wanda ba shi da tsami. Mai tsamin ya fi jinkirin tara ƙwayoyin cuta. Wato kokonmu na gasara da kamu yana da kariyar da kunun zallar gari ba shi da ita. Amma a lura. Tsami jinkirtawa yake yi, ba ya hanawa. Kuma koko tsararo ba ya gina jiki. Sai an yi shi da kauri, an ƙara masa gyaɗa ko waken suya ko madara.

Akwai kuma masu tambaya game da randa. Da yawanmu mun san tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da marigayi Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jihar Jigawa, har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabara ce mai albarka. Tana sa tumatir da gauta da alayyafo su yi kwanaki ba su lalace ba. Ki ajiye kayan miyarki a ciki, ki ajiye 'ya'yan itacen da ba a yanka ba. Amma sanyinta bai kai na firij ba. Ba wurin ajiye dafaffen abincin jinjiri ba ce.

Ina fata ana biye da mu. A dama kaɗan. A ba shi da ɗuminsa. Abin da ya rage, na manya ne.

Yanzu kuma sai gidan da ke da firij.

A nan ana iya yin ajiya, amma sai wadda cokalin yaro bai taɓa ba. Kin yi masa faten wake, ko kin murƙushe dankali da kifi. Tun kafin ki fara ba shi, ki raba a ƙananan robobi masu murfi, kowace iya ci ɗaya. Ƙaramar roba ta fi saurin hucewa. Da ta huce ki sa a firij, kada ki bari awa ta wuce. Ki ajiye ta a sama, ɗanyen nama da kifi a ƙasa, don kada ruwansu ya ɗiga a ciki. Ki yi amfani da ita cikin kwana 1, in ta daɗe kwana 2. Idan kina so ta wuce haka, sai firiza. Wanda aka fitar daga firiza ya narke kuma, ba a mayar da shi.

Sai dai mun san halin wutarmu. Firij ɗin da babu wuta, akwati ne kawai. Ƙa'idar da masana suka bayar ita ce, idan an ɗauke wuta, firij na riƙe sanyinsa kamar awa 4, in ba a buɗe shi ba. A gidan da yara ke buɗewa neman ruwan sanyi, ba zai kai haka ba. Idan aka ɗauke wuta da dare har gari ya waye, abincin jinjirin da ke ciki ya tashi daga nasa. Kada a ce ai daga firij ya fito.

Wannan ya kawo mu ga ɗumame.

Ɗumamen tuwo abincin safe ne a gidaje da yawa, kuma yaro na ganin ana ci zai miƙo hannu. Tuwon da ya kwana a waje, a bar wa manya. Abin da za a ɗumama wa jinjiri shi ne wanda ya kwana cikin sanyin firij. Shi ma ba ɗan ɗumi za a ba shi ba. A mayar da shi wuta har ya tafasa, ko ya yi tururi ciki da waje, ana juyawa. Sannan a sauke, a bari ya huce. A gwada zafinsa a bayan hannu da wani cokali daban. Kada a hura masa baki, kada a tauna a ba shi. Kuma sau ɗaya ake ɗumamawa. Abin da ya rage bayan nan ba ya komawa firij.

Shinkafa kuwa sai an yi mata kashedi na musamman. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa, kuma dahuwa ba ta gamawa da ita. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a waje, sai ta farfaɗo ta saki guba mai sa amai. Wannan gubar, ko an sake tafasawa, tana nan. Saboda haka shinkafar da ta yini a kula ba ta jinjiri ba ce. Ta firij ma, kada ta wuce kwana 1.

To jama'a, na san abin da ke ran wasu. Za su ce wannan ai almubazzaranci ne, addini ya hana, aljihu ma ya hana. Ba wanda ya ce a zubar. Yaro ya bar kunu, uwa ta shanye a take. Mai shayarwa ce, jikinta na buƙata. Ko ta miƙa wa yayansa. In ya riga ya daɗe, a zuba wa kaji. Abu ɗaya ake cewa, kada ya koma bakin jinjiri. Kuma maigida, ka yi lissafi. Kuɗin ɗan garin da aka yi asara, da kuɗin mota zuwa asibiti, da ƙarin ruwa, da kwana a gadon jinya, wanne ya fi? Naka aikin shi ne ka tabbatar akwai sabulu, akwai ruwa mai tsabta, akwai abin hura wuta.

Ke kuma Hajiya kaka, mun san za ki ce da haka kuka raine mu. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Amma ke ma kin san yaran da gudawa ta ɗauke a lokacin, aka ce kwana ne ya ƙare. Yau an gane hanyar da cutar ke bi. Maganarki ake ji a gida. Idan kika ce a dama sabo, sabo za a dama. Haka uwar da ke fita aiki ko kasuwa ko gona, ta bar gari da bayani a hannun mai raino, ya fi ta bar damammen kunu tun asuba.

Kafin mu rufe, idan duk da haka gudawa ta zo fa? Kada a daina ba da nono, a ƙara ma. Kada a hana shi abinci. A jiƙa ORS, ruwan gishiri da suga na asibiti, da ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. A haɗa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, yadda ma'aikacin lafiya ya nuna. Idan yaro ya ƙi kama nono, ko yana amayar da komai, ko idanunsa sun zurma, ko maɗigarsa ta faɗa, ko an ga jini a bayan gidansa, ko jikinsa ya saki, a tafi asibiti a lokacin. Ba a jiran gari ya waye. Kuma a tuna, tun shekarar 2022 Najeriya ta sa rigakafin cutar rota, mai haddasa gudawa mai tsanani, cikin rigakafin yara na yau da kullum. Ɗigo ne a baki. A duba katin yaro a tabbatar ya samu.

Masu sauraro, iyaye mata da maza, ga abin da za ku riƙe. A dama kaɗan. A ba shi da ɗuminsa. Abin da ya rage, na manya ne. Wadda ta ji, ta gaya wa abokiyar zamanta, ta gaya wa maƙwabciyarta, ta faɗa a gidan suna da wajen awo. Wanda ya ji, ya kai maganar majalisa, ya kuma kai ta gida. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba masu goyo lafiya da juriya.